Na Ara wa Ƙawata Littafin Laburare Ban Rubuta Ba, Ga Shi Bai Dawo Ba

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata jami'a a nan Jos, gidanmu yana Anguwar Rogo. A farkon wannan zango aka ɗauke ni aikin taimaka wa ma'aikatan laburare a ƙarshen mako: Asabar daga tara na safe zuwa shida na yamma, Lahadi daga ɗaya na rana zuwa shida. Asabar ɗin da ta wuce wata ƙawata 'yar ajinmu ta roƙe ni in ba ta littafin kemistiri daga cikin waɗanda ba a fita da su, ta ce Lahadi da rana za ta dawo da shi. Na ji nauyinta na ba ta, ban rubuta a ko'ina ba. Yanzu ta ce ta ara wa wata a hostal, ita kuma waccan ta yi tafiya. Shugaban sashenmu bai sani ba tukuna, kuma dama ya sha yi mini faɗa wai ina jera littattafai ba daidai ba. Har yau ba a biya ni ko sisi ba, ba ni ma da takardar da ta nuna an ɗauke ni. Babana kuma ya ce in na ƙara shigowa gida bayan magariba, aikin ya ƙare. Ina tunanin in daina zuwa kawai ba tare da na ce komai ba. Me kuka gani?

Ɗaliba daga Anguwar Rogo

Wa alaikumus salam, 'yarmu. Cikin abubuwa huɗun da kika lissafa, guda ɗaya ne ke da gaggawa, wato littafin, kuma shi ne dalilin da ya sa ba za ki sulale ki daina zuwa ba. Littattafan da ake keɓewa a bayan kanta, waɗanda ma'aikata ke kira rizab, ba su da yawa, kuma ana ƙirga su akai-akai. Da zarar an ga gurbi, jadawalin aiki za a ɗauko a duba wa ya tsaya a wurin ranar Asabar. In aka tarar wadda ta tsaya ɗin ta daina zuwa a makon da littafin ya yi ɓatan dabo, ba wanda zai ce sakaci ne, sata za a kira shi. Ki tuna kuma ke ɗaliba ce: takardar sallamar da za ki zagaya da ita a shekarar ƙarshe sai laburare ya sa mata hannu. Maganar da za a iya kashewa cikin mako guda yanzu, tana iya zama cikin fayil tana jiranki har ranar da kike neman sakamakonki.

Ki fara da tattara bayanan littafin a takarda: sunansa, marubucinsa, bugu na nawa ne, shekarar bugawa, lambar mazauninsa da ke manne a doronsa, da lambar shigowarsa. Wannan ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci. Kwafi biyar na littafi ɗaya mazauninsu ɗaya ne a kanta, amma kowane kwafi yana da tasa lambar shigowa, wadda aka buga masa ranar da ya shigo laburare, galibi a shafin suna da wani shafi na ciki. Za ki same ta a katin littafin in ya rage a kanta, ko a katalog, wato jerin bayanan duk littattafan da ke laburaren. Daga nan ki tura wa ƙawarki saƙo a rubuce, ba kira ba: sunan littafin, ranar da ta karɓa, da ranar da kike so ya dawo. Kwana biyu ya isa. Ki karɓi lambar wadda aka ce ta yi tafiya da shi ki yi mata magana da kanki. Littafi na iya dawowa daga Bauchi, Lafiya ko Kaduna cikin yini ɗaya in an ba direban motar haya saƙo a tasha, don haka "ta yi tafiya" ba uzuri ba ne.

Amma kada ki jira sai ya dawo kafin ki faɗa wa shugaban sashen. Ki je ofishinsa Litinin ko Talata, lokacin da ba mutane a kansa, ki ce, "Yallaɓai, na yi kuskure ranar Asabar, ina so ka ji daga bakina." Ki faɗi abin da ya faru a taƙaice, ki miƙa masa takardar bayanan, ki gaya masa wa'adin da kika bayar. Kada ki ce an sace, kada ki ce ba ki san yadda aka yi ba. Ƙawarki tana da baki, kuma ranar da labari biyu suka ci karo, naki ne zai faɗi. Zai yi faɗa, wataƙila ya ɗauke ki daga kantar rizab na wani lokaci. Wannan da sauƙi. Masu riƙe da sassan laburare sun saba ganin irin wannan daga sababbin ma'aikata. Wanda ke yi musu wuyar yafewa shi ne wanda suka gano da kansu.

In littafin bai dawo ba, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a kawo sabon kwafi, bugu iri ɗaya ko wanda ya biyo bayansa, ko a biya farashinsa na yau haɗe da kuɗin gyara shi ya koma kanta. Wasu laburaren ma ninka farashin suke yi, don kada ɗalibai su mai da "ya ɓata" hanyar mallakar littafi da araha. Ki nemi a nuna miki ƙa'idar a rubuce, ki biya inda aka ce, ki karɓi rasit. Yadda za ku raba kuɗin da ƙawarki maganarku ce, kuma a ganinmu ita ya kamata ta ɗauki kaso mafi tsoka, amma a idon laburare ke ce mai laifi tunda babu sunanta a ko'ina. Abu biyu kada ki kuskura ki yi. Kada ki sayo kwafin jabu irin na bakin titi ki liƙa masa lamba ki cusa a kanta. Ba shi da hatimi, ba shi da lambar shigowa, takardarsa kaɗai za ta tona shi, kuma kin tashi daga sakaci kin koma algus. Kada kuma ki cire katin littafin ko ki taɓa bayaninsa a kwamfuta. Manhajoji irin su Koha, wadda jami'o'in Najeriya da yawa ke amfani da ita, suna iya ajiye tarihin abin da aka canza da sunan wanda ya canza shi.

Tushen abin shi ne jin nauyi, kuma zai sake dawowa, domin duk 'yan ajinku sun san kina can. Ma'aikacin Litinin zuwa Juma'a yana da manya a kusa da zai tura wa mai naci. Mai aikin ƙarshen mako ba shi da mashaidi sai rajista. Saboda haka duk abin da ya ratsa hannunki, ki rubuta shi kafin ya bar kanta, ko da Shugaban Jami'a ne ya aiko. Littafin rizab kwafi ɗaya ne ko biyu ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, shi ya sa ake ba da shi na awa biyu ko makamancin haka, a riƙe katin shaidar mai karɓa, a rubuta lokacin fita da na dawowa. In ƙawa ta roƙa, kada ki shiga dogon bayani: "Ana ƙirgawa kafin a rufe, kuma sunana ne a jadawali." Sai ki ba ta abin da za ki iya. Ki sa sunanta a layin masu jira. Ta yi fotokwafin babin da take buƙata, babi dai ba littafi sukutum ba, domin dokar haƙƙin mallaka ba ta yarda da wannan ba, ga shi kuma danne littafi mai kauri a kan inji yana karya doronsa. Ki nuna mata shafin OpenStax na Jami'ar Rice ta Amurka, inda ake sauke littattafan kemistiri, fiziks, lissafi da ilimin halittu kyauta kuma ta halas. Ki kuma tambayi shugabanki ko laburarenku yana da aron kwana ɗaya na hukuma, wanda ake bayarwa daf da rufewa a dawo da shi da zarar an buɗe. In akwai, da ta wannan hanyar ƙawarki ta bi, da yau sunanta ne a rajista.

Maganar jeri kuwa ba ta basira ba ce, ta rashin koyarwa ce: sau da yawa ana nuna wa sabon mataimaki kantoci da yatsa ne a tafi. Yawancin laburaren jami'o'in ƙasar nan tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, wanda ya raba ilimi da haruffa. B falsafa da addini, D tarihi, H tattalin arziki da zamantakewa, J siyasa, K shari'a, L tarbiyya da koyarwa, P harsuna da adabi, Q kimiyya, R likitanci, S noma, T injiniyanci da fasaha. Harafi na biyu yana ƙara tsage fannin: QA lissafi da kwamfuta, QC fiziks, QD kemistiri, QH ilimin halittu. Littattafan Musulunci suna BP, tarihin Afirka DT, na Najeriya kuma DT 515, harshen Hausa da adabinsa PL 8231 zuwa 8234. Ba sai kin haddace duka ba, amma wanda ya san waɗannan ba ya yawo da littafi a hannu yana leƙen kantoci.

Lambar ana karanta ta ne layi-layi. Harafi ɗaya yana gaban biyu: Q, sannan QA, sannan QB. Lambar da ke bin haruffan cikakkiyar lamba ce, kamar yadda kike ƙirga: QD 33 tana gaban QD 251, ita kuma tana gaban QD 251.2, sannan QD 253. Sai layi na uku, harafi da lamba bayan ɗigo, wanda galibi daga sunan marubuci aka ciro shi. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, kuma muna kyautata zaton nan ne faɗan da ake yi miki ya samo asali. Wannan lambar ba a ƙirga ta, ana kwatanta ta ne ɗaya bayan ɗaya daga hagu. Don haka .M23 tana gaban .M3, domin 2 ta riga 3, duk da cewa ashirin da uku ta fi uku yawa. In kina riƙe da .M4, .M32, .M3, .M315 da .M23, ki cike su da sifili a zuci su zama tsawo ɗaya: 400, 320, 300, 315, 230. Jerin daidai shi ne .M23, .M3, .M315, .M32, .M4. Wani littafin yana da irin wannan layi har biyu, duka haka ake karanta su. Daga nan sai shekara, tsohon bugu kafin sabo, wanda ba shi da shekara kafin mai shekara. Sai lambar juzu'i, sai ta kwafi.

Kafin ma ki karanta lambar, ki dubi samanta. Alamar da ke nuna littafin na sashen dubawa ne (irin su ƙamus, waɗanda ake dubawa a wurin ba a ara), ko na rizab, ko na manyan littattafan da ba sa shiga kanta, a can take, wani lokaci da haruffa, wani lokaci da kalar takardar da aka manna. Ƙamus ɗin sashen dubawa da aka jera cikin littattafan aro, lambarsa daidai amma ɗakinsa ba daidai ba, daidai yake da wanda ya ɓata. In aka tura ki laburaren likitanci, za ki ga W da QS zuwa QZ, tsarinsu daban ne. Na lauyoyi da yawa tsarin Moys suke bi. Ƙananan laburaren sassa kuma wasu Dewey ne, lambobi daga 000 zuwa 999, inda duk abin da ke bayan ɗigo ake karanta shi yadda muka bayyana, 547.12 kafin 547.2.

Sauran kurakuran na ƙafa ne da hannu. Doguwar kanta an raba ta gida-gida da ƙarfe ko katako a tsaye. Ana bin gida ɗaya daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, sai an gama shi a koma saman na gaba. Wanda ya bi layin sama ya zarce har ƙarshen kanta ya rikita komai. Kada ki kwashi littattafai daga tebur ki nufi kanta kai tsaye. Ki fara ƙirga su ki rubuta adadin kowane fanni a takardar ƙididdiga, domin da ita ake sanin abin da ake karantawa, kuma ana neman ta lokacin da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta zo tantance kwasa-kwasai. Sannan ki jera su bisa tsari a kan keken tura littattafai, ki bi kantoci sau ɗaya. A duk inda za ki sa littafi, ki karanta lambar na hagunsa da ta na damansa, ba ta ɗaya kawai ba, don wataƙila shi maƙwabcin ma baƙo ne a wurin. Wanda lambarsa ta goge ko ta ɓalle, kada ki yi masa ƙiyasi, ki ware shi da 'yar takarda a kai wa masu katalog ranar Litinin.

Ki nemi a ba ki wasu kantoci su zama naki, ki riƙa bin su littafi bayan littafi kina duba jeri. Rabin awa a tashi ɗaya ya isa, bayan haka ido yana fara ganin abin da yake so. Lokacin jarrabawa za ki sha mamaki: ɗalibai suna ɓoye littafin da suke so a bayan layi, a saman kanta, ko su kai littafin akanta cikin na noma inda ba ɗan ajinsu da zai leƙa. Ki riƙa zura hannu bayan layukan. Wannan ma ya shafi littafinki: kafin a yanke cewa ya ɓata, a duba ko an lallaɓo an ajiye shi a wani tebur don gudun kunya.

Kada ki cika kanta maƙil. Kashi uku cikin huɗu ya isa, a tokare ƙarshen da matokari don kada littattafan su karkace. Ba a jawo littafi ta saman doronsa da yatsa, nan ne ke fara yagewa. A tura na gefe da gefensa ciki kaɗan, a kama shi ta tsakiya. Shafin da ya yage kada ki sa masa salatif, domin gam ɗinsa yana yin rawaya ya ci takardar. Aikin masu ɗinkin littafi ne.

Yinin ƙarshen mako yana da nasa tsari, kuma littafin miƙa aiki ne ginshiƙinsa. In babu, ki sayi littafin rubutu mai kauri ki nemi shugabanki ya amince da shi. Da isowarki ki karanta abin da na jiya suka bari, ki ƙirga littattafan rizab ki rubuta adadin, ki gyara hatimin kwanan wata. Wannan ɗan hatimin yana haddasa rigima fiye da girmansa: in aka manta ba a juya shi ba, duk wanda ya ari littafi ranar za a buga masa ranar dawowa ta kuskure, a zo ana gardamar tara bayan mako biyu. Da yamma ki sake ƙirgawa, ki rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa, ki sa hannu, abokin aikinki ya sa.

In wuta ta ɗauke, janareto bai tashi ba, kwamfuta ta mutu, ba a tsayar da aiki kuma ba a dogara da ƙwaƙwalwa. Ki ja layuka a rajista: lokaci, sunan ɗalibi, lambar karatunsa, lambar shigowar littafin, aro ne ko dawowa, sa hannu. In wuta ta dawo, ki shigar da su bisa lokacin da suka faru. Littafin da aka dawo da shi kada ya koma kanta sai an sauke shi daga sunan wanda ya ara, in ba haka ba tara za ta yi ta hawa kan wanda ba shi da laifi alhali littafin na zaune a mazauninsa. Kada ki ba kowa kalmar sirrinki, kada ki yi aiki da ta wani. Kuɗin tara kuwa, in ba a ba ki littafin rasit ba, ba aikinki ba ne ki karɓa. A jami'o'in tarayya ma tun 2015 kuɗin shiga ta asusun bai ɗaya na gwamnati yake bi, galibi ta Remita. Ki rubuta adadin da ake bin mutum, ki tura shi ranar Litinin.

A wurin ajiye jakunkuna, kowace jaka da lambarta biyu, ɗaya a jiki ɗaya a hannun mai ita, kuma ki riƙa faɗa da baki cewa a cire waya, kuɗi da kwamfuta. "Riƙe mini wannan, yanzu zan dawo" ya jefa ma'aikata da yawa cikin biyan abin da ba su ci ba. A bakin ƙofa ana duba kowa, ana buɗe littafi a ga hatimin ranar dawowa. In malami ya ce ba kya san shi ba ne, ki gaishe shi da ladabi, ki ce umarni aka ba ki; in ya wuce da ƙarfi, ki rubuta sunansa, littafin da lokacin. In kika ga ɗalibi yana yanke shafi da reza, kada ki tunkare shi ke kaɗai, kada kuma ki taɓa jikinsa ko aljihunsa. Ki kira mai tsaron ƙofa ko jami'in tsaro, ki riƙe littafin. Haka nan wanda ya zo yana tambayar wa ya ari littafi kaza, ko yana neman lambar wayar wata ɗaliba daga rajista, amsarsa a'a. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka amana ce.

Wuta da ruwa su ne abin da ya kamata mai aikin ƙarshen mako ya fi jin tsoro, domin a lokacin ginin ba mutane sosai. Mutanen Jos ba su manta gobarar da ta ci laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta a wata Asabar cikin Oktoban 2016 ba. Ki san inda babban makunnin wutar sashenki yake. Ki hana jona caja goma a soket ɗaya, ki hana hita da abin dafa ruwa duk yadda sanyin Disamba ya kai. Rigar sanyi ita ce magani. Ki zagaya ki ga tukwanen kashe gobara: mai baƙar alama da baki kamar ƙaho na wutar lantarki ne, kuma ba a riƙe ƙahon da hannu saboda tsananin sanyinsa, mai shuɗiyar alama na hoda ne, na ruwa ba ya kusantar soket. Mai agogo a jiki, allurarsa ta kasance a kore. In kika ga ƙofar gudun tsira da sarƙa alhali akwai masu karatu, ki rubuta a littafin miƙa aiki, ki sake rubutawa har a cire. In wuta ta tashi, mutane ake fara fitarwa.

Ruwan Jos kuma da iska yake zuwa, ya shigo ta tagar da aka bari a buɗe ya jiƙa layi guda. Littafin da ya jiƙe yana iya fara fumfuna cikin kwana biyu, don haka wanda ya jiƙe Asabar ba zai jira Litinin ba. Ki tsayar da shi a kan busasshiyar takarda, ki ɗan buɗe shafukan, ki saka farar takarda tsakanin kowane shafi ashirin ko makamancin haka kina canzawa, fanka na kaɗawa a ɗakin. Ba jarida, tawadarta na kamawa. Ba shanya a rana, bango yana lanƙwashewa. Masu shafi mai santsi a raba shafukansu tun suna da danshi, in sun bushe a manne sun tafi ke nan. Wanda ya riga ya yi fumfuna a sa shi a leda shi kaɗai. In kika ga hanyar gara a bango ko garin katako a ƙarƙashin kanta, ki kai rahoto a ranar. Da hunturu ki sa takunkumi in za ki share ƙura, musamman in kina da asma.

Kuɗinki. Ki tambaya da ladabi, amma bayan an kashe maganar littafin, a wane matsayi aka ɗauke ki: shirin aiki da karatu na ɗalibai ne, aikin wucin gadi ne, sa kai ne, ko SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a nan Jos ke kula da alawus ɗinsa. Kowanne hanyar biyansa daban, na sa kai kuwa ba ya da biya sam, kuma gara ki sani yanzu. Ki nemi takarda, ko da layi biyar ce, mai nuna ranar farawa, awanni, abin da za a biya da wanda kike ƙarƙashinsa. Ki riƙa sa hannu a rajistar zuwa aiki da lokacin isowa da tashi, ki ɗauki hoton shafin duk mako. Jinkirin biya sau da yawa ba mugunta ba ce: sunan bai shiga jerin da aka tura ofishin kuɗi ba, ko takardar awanni ta isa bayan an rufe lissafin wata, ko sunan asusun banki bai yi daidai da na makaranta ba. Ki tambayi wanne ne naki. Sannan ki yi lissafi: kuɗin keke zuwa da dawowa sau takwas ko goma a wata, da abincin rana, ki cire daga alawus ɗin ki ga abin da ya rage.

Awa goma sha huɗu kike yi a kwana biyu, kuma wannan ya yi wa 'yar aji biyu yawa in jarrabawa ta matso, lokacin da laburare ke cika, ba za ki sami sukunin buɗe naki littafin ba. Ki nemi ragi tun saura mako uku, kafin a fitar da jadawali. Aikin yana da riba ko da kuɗin kaɗan ne: za ki iya katalog, za ki san rumbunan mujallun bincike na intanet kamar JSTOR da AJOL, da rumbunan Research4Life irin su HINARI na lafiya da AGORA na noma tun kafin ki kai ga furojet, kuma za ki sami wanda zai rubuta miki takardar shaida. Sai dai ba ya mai da mutum cikakken ma'aikacin laburare. Wannan sai da digiri a fannin da rajista da LRCN, hukumar da ke yi wa ma'aikatan laburare rajista a ƙasar nan.

Babanki kuwa yana da gaskiya, kuma lissafi yana bayansa. Rana tana faɗuwa a Jos kusan ƙarfe shida a Nuwamba, wajen bakwai saura kwata a Yuli. In an rufe ƙofa shida, ba shida ake tashi ba: sanarwa ga masu karatu, karɓar rizab, ƙirga, rufe tagogi, kashe soket da fanka, leƙa banɗaki da lungunan kantoci kada a kulle wani a ciki, miƙa makulli, duk sai sun ci rabin awa. Ke nan ba yadda za a yi mai rufewa ta riga magariba isa gida a mafi yawan watanni. Ki nemi a mai da ke mai buɗewa: ki zo rabin awa kafin lokaci, ki tashi biyar. Ranar Lahadi abokan aikinki da ke tahowa daga coci za su yi murna da wanda zai buɗe musu ƙarfe ɗaya, su kuma su riƙe rufewa. Da su ɗin ma za ki shirya wanda zai tsaya a kanta lokacin azahar da la'asar, don kada a bar ta ba kowa. Ki nuna wa babanki sabon jadawalin a rubuce. Ki fito da wuri ranar Lahadi saboda titunan da ake tarewa kusa da coci-coci, ki sanar tun Juma'a in Asabar ɗin ta tsaftar muhalli ce da ake taƙaita zirga-zirga da safe, kuma ranar da gari ba lafiya ko aka sa dokar hana fita, ki tura saƙo ki zauna a gida.

In aka ƙi canza miki lokaci, ko aka ƙi ba ki takarda, ko maki ya fara sauka, to ki bar aikin. Amma sai bayan littafin ya dawo ko an biya an ba ki rasit. Ki rubuta takardar ajiye aiki da wa'adin mako biyu, ki miƙa makulli da duk abin da ke hannunki, a rufe sunanki a kwamfuta a gabanki, shugaban sashen ya sa hannu a kwafi biyu cewa ba a bin ki komai, ki ajiye ɗaya tare da takardun makarantarki.